Harbin Bara da Bindigar Iska da Ƙaramin Harsashi: Matsalolinsa a Ƙasar Ƙwanni, Malbaza da Illela

1. Gabatarwa

A ƙasar Hausa in an ce wane gwanin harbi ne, abin da ake nufi shi ne ba ya shiga daji ya komo gida hannu wofi. Amma akwai wata gwanintar harbi dabam, wadda ake gasa a kanta a wasannin Olimfik, inda maharbi zai tsaya wuri guda ya harbi takarda sau 60, a kuma auna tazarar kowane huji daga tsakiyar takardar da milimita. Wannan ta biyu ita muka kira harbin bara, abin da ake ce wa «tir de précision» da faransanci. Da bindigogi iri biyu aka fi yin sa a duniya, saboda arharsu da ƙarancin ƙararsu, wato bindigar iska da ƙaramar bindigar nan mai cin harsashin da ake kira 22 LR.

Manufarmu a wannan ƙasida ita ce mu bayyana abin da irin wannan harbi yake buƙata, sa'an nan mu gwada shi da yanayin gundumomi uku na kudancin jahar Tawa, wato Birnin Ƙwanni da Malbaza da Illela. Malbaza ba ta zama gunduma mai zaman kanta ba sai a 2011, lokacin da aka cire ta daga Ƙwanni. Illelar da muke nufi kuwa ita ce ta Adar, mazaunin Sarkin Adar, ba ta jihar Sakkwato ba, wadda ke tsallaken iyaka, ƴan kilomitoci kudu da Birnin Ƙwanni. Abin da muke son nunawa guda ɗaya ne. Harbin bara maimaituwa yake nema, wato harbi na biyu ya fita kamar na farko, na sittin ya fita kamar na biyu. Duk matsalolin da za mu tattauna abubuwa ne da ke hana wannan maimaituwa, kuma yankin da muka zaɓa yana da su kusan duka.

2. Kalmomin da muka yi aiki da su

Manyan kalmomin wannan fage aro ne daga larabci. Bindiga ta fito daga «bunduƙiyya», harsashi daga «ar-rasas» wanda ma'anarsa dalma, albarushi kuma daga «al-barud». Abin sha'awa a nan shi ne tun kafin a san bindiga, «bunduƙ» suna ne na ƴan dunƙulen da Larabawa ke harbin tsuntsaye da su da wani irin baka. Ke nan asalin kalmar ya fi kusa da ƴar ƙwayar bindigar iska bisa ga harsashin yaƙi. Sauran kalmomin na gida ne: kunama, baki, gindi, kwanso. Saiti kuwa daga ingilishi ta shigo ta hanyar Nijeriya, ta kuma zauna daram a bakin mutanen kan iyaka.

Mun zaɓi «bara», wadda aka samo aikatau «barata» daga gare ta, duk da cewa a rubuce ba ta da bambanci da barar almajiri, da baran gida, da bara shekarar da ta wuce. Takardar da ake harbi mun kira ta abin bara. Ya kamata kuma a lura cewa «kuskure», wadda yau ake amfani da ita ga kowane irin rashin daidai, a fagen harbi ma'anarta a harba a rasa samun abin da aka barata.

Akwai rarrabewa guda da harshen yau da kullum bai yi ba, alhali ba a fahimtar sauran bayaninmu sai da ita. Mu ɗauki bindigogi biyu. Ta farko an harba ta sau goma, hujin goma duka suka taru a wuri mai faɗin dala guda, amma taƙi ɗaya hagu da tsakiya. Ta biyu hujinta sun warwatsu ko'ina a takarda, ɗaya daga ciki ya faɗa tsakiya cif. Mai kallo zai yaba ta biyu. Maharbin bara ta farko zai ɗauka, domin ciwonta mai magani ne, juya saiti kawai za a yi hujin su koma tsakiya, ita kuwa ta biyu babu juyin saitin da zai tara abin da ya warwatse. Halin ta farko muka kira taruwa, wato «groupement», faɗawa a tsakiya kuma muka kira dacewa, wato «justesse». Taruwa ita ce tushe.

3. Abin da tarihi ya bari

Maharbin gargajiya na Adar da ƙasar Ƙwanni ya gaji wata hanya ta warware matsalar harbi, hanya mai ma'ana ƙwarai in an dubi kayan aikinsa. Da baka da kibiya mai dafin ƙwanƙwani, ba lalle ne a sami zuciya ko wuya ba, da zarar kibiya ta huda fata dafi zai ƙarasa aikin. Karin maganar nan da ke cewa harbi ga wutsiya ya fi kuskure ma'auni ne na wannan fage: samu ko rashi, babu maki tsakani. Abin da ya rage wa maharbi shi ne ya rage tazara, shi ya sa gwanintarsa ta tattaru a kan sanɗa, da sanin inda iska ke kai warin mutum, da ɗaura kan burtu don dabba ta ɗauke shi tsuntsu, da kuma asiran da ake gado.

Da bindiga ta zo ba ta sauya wannan tsari ba, saboda irin wadda ta zo. Adaka bututunta sumul yake a ciki, da ido ko da tafin hannu ake auna albarushi, abin da ake ɗurawa kuma guntayen dalma ne ko na ƙarfe waɗanda babu biyu masu nauyi ɗaya. Babu ɗurin da zai yi daidai da na bayansa, saboda haka taruwa ba ta ma taso ba. Wannan bai faru haka kawai ba. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka sa wa hannu a birnin Burusel ran 2 ga Yuli 1890 ta hana sayar wa ƴan Afirka bindigogi masu tsaga a bututu da harsasansu a duk faɗin da ke tsakanin layi na 20 arewa da na 22 kudu, ta bar musu bindigar ƙanƙara mai sumul ɗin bututu da albarushin kasuwa. Birnin Ƙwanni, da ke kusa da layi na 14 arewa, tana cikin wannan faɗi. Shekara tara bayan haka, a watan Mayu 1899, rundunar Voulet da Chanoine ta faɗa wa garin da irin bindigogin da aka hana mutanensa mallaka, ta yi kisan da har yau ba a manta ba. Tun daga nan bindiga mai harbi daidai daga nesa ta zama kayan hukuma, talaka kuma ya ci gaba da adaka da sanɗa.

4. Bindigogin biyu da yadda suke aiki

Harsashi na yau da kullum yana da ɗan maɓallin wuta a cibiyar gindinsa. Shi kuwa 22 LR a cikin leɓen gindin kwanso, kewaye, aka zuba sinadarin da ke kama wuta, allurar bindiga kuma gefen take duka. Shi ya sa muka kira shi harsashi mai wuta a gefe, wato «percussion annulaire». Wani Bafaranshe, Louis-Nicolas Flobert, shi ya fara wannan dabara a 1845, shi kuma 22 LR kansa a Amurka aka fito da shi a 1887. Kaurinsa milimita 5,6 ne, nauyin dalmarsa kimanin giram 2,6, irin na gasa kuma yana barin bakin bindiga da saurin mita 320 zuwa 330 a daƙiƙa. Rauninsa yana nan inda arharsa take. Da yake ta hanyar juya kwanso ake watsa sinadarin cikin leɓe, ba ya kwanciya daidai a kowane gefe, sai wani harsashin ya ɗan fi wani sauri. Ba a kuma sake ɗura kwanson da aka harba, don haka maharbi ba shi da yadda zai gyara abin da masana'anta ta ba shi.

Ga abin da wannan ɗan bambanci yake haifarwa. Dalma tana ɗaukar kimanin daƙiƙa 0,16 kafin ta ci mita 50, a cikin wannan lokaci kuma nauyinta yana jawo ta ƙasa da wajen santimita 12 ko 13. A mita 100 faɗuwar ta haura rabin mita. Saiti yana biyan wannan faɗuwa muddin ba ta sauya ba. To amma in harsasai biyu suka bambanta da mita 5 kacal a daƙiƙa, hujinsu zai bambanta da kusan milimita 4 a mita 50, da fiye da santimita ɗaya da rabi a mita 100. Dalilin ke nan da ya sa manyan ƴan gasa ke kai bindigoginsu wurin gwaji na kamfanoni irin su Eley da Lapua da RWS, su gwada rukuni-rukuni na harsasai, su sayi wanda ya jitu da bututunsu da yawa. Wanda ke zaune a ƙasar da ba ta da gaɓar teku, inda harsashi sai da izini yake shigowa, abin da ya samu shi zai harba, yau wannan rukuni gobe wancan.

Bindigar iska ba ta da albarushi sam. Iska ce da aka matse take tura ƴar ƙwayar dalma mai kauri milimita 4,5 da nauyin kimanin rabin giram, mai siririn ƙugu kamar kalangu. Ta gasa tana fitar da ƙwaya da saurin wajen mita 175 a daƙiƙa. Iri uku ne. Akwai mai sifirin, wadda ake karya bututunta a ɗana, ita ce mafi arha. Akwai mai ƴar tukunyar gas ɗin CO2. Akwai kuma mai tulun iska da ake cikawa da famfo har awon matsi ya kai bar 200, wadda ita ƴan gasa ke riƙewa a yau. Mai sifirin tana da hali guda mai wahalar da mai koyo: tun ƙwaya ba ta bar bututu ba bindigar take zabura baya da gaba, saboda haka in an sauya riƙo ko kaɗan, an matse ta yau an sassauta gobe, wurin faɗuwar ƙwaya ya sauya.

5. Ƙanƙantar abin bara

Hukumar wasan harbi ta duniya, wadda aka kafa a 1907, ake kuma kira ISSF tun 1998, ita ke tsara ma'aunai. A harbin doguwar bindigar iska, wanda ya shiga Olimfik a 1984, tazara mita 10 ce, maki goma kuma ɗigo ne mai faɗin rabin milimita. Da yake taɓa ɗigon kawai ake so gefen ƙwaya ya yi, tsakiyar huji na iya kaucewa da milimita 2,5 a sami goma. In muka mayar da wannan ga bindiga mai tsawon santimita 80 tsakanin saitin baya da na gaba, za mu ga kaucewar baki da milimita 0,2, wato kaurin fallen takarda biyu, ta isa ta fitar da maharbi daga goma. Tun 2013 ma an raba kowane maki gida goma, mafi girma shi ne 10,9, manyan gwanaye kuma suna haura maki 630 a harbi 60. A mita 50 da harsashin 22 LR faɗin goma milimita 10,4 ne, abin da ya ba maharbi rangwamen milimita 8 daga tsakiya. Mai karatu ya riƙe wannan adadi na milimita 8, da shi za mu auna abin da ke tafe.

6. Iska, zafi da ƙura

Iska ita ce babbar abokiyar gaba. Mutane da yawa suna zaton gwargwadon daɗewar dalma a sarari gwargwadon yadda iska za ta kautar da ita. Ba haka lissafin yake ba. Ƙa'idar da ake danganta wa Isidore Didion, wani hafsan igwa na Faransa a ƙarni na 19, ta nuna cewa abin lura shi ne jinkirin da gogayya da iska ta jawo wa dalma, wato bambancin lokacin da ta ɗauka da lokacin da za ta ɗauka in da saurinta bai ragu ba. Wannan jinkiri ake ninkawa da saurin iskar da ke ratsowa. Mu ɗauki iska mai mita 4 a daƙiƙa, wadda ba ta wuce ta kaɗa ganye ta ɗaga bakin riga ba. A lissafinmu za ta kautar da dalmar 22 LR da kimanin santimita 2,5 a mita 50, wato ninki uku na rangwamen nan na milimita 8. Ƙwayar bindigar iska kuwa, da yake ba ta da nauyi kuma goshinta a daɗe yake, a mita 25 kawai iskar nan za ta kautar da ita da santimita 6 ko 7.

Daga wannan ƙa'ida wani abu ya fito wanda hankali bai yi tsammani ba. Harsashin 22 LR mai ƙarin sauri, wanda ke fita da wajen mita 380 a daƙiƙa, ya fi na gasa kaucewa a iska, domin gogayya tana ƙaruwa ƙwarai a kusa da saurin sauti, sai ya yi ta zubar da saurinsa tun daga bakin bindiga. Mai saye da ya zaɓi kwalin da aka rubuta wa babban adadi yana ganin ya more, alhali taruwa ya sayar.

Yanzu mu dubi yankinmu. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu ke busowa daga arewa maso gabas, kuma a wannan yanki na Sahel ta fi ƙarfi da hantsi, ta fi lafawa da asuba da kuma yamma liƙis. Da a ce da ƙarfi ɗaya take busawa da sauƙi, sai a juya saiti a biya ta. Matsalar ita ce tana zuwa ne bugu-bugu, ƙasar kuma ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Tuddan Adar masu duwatsu, da kwaruruwan da suka tsaga su kamar na Majiya da na Badagishiri, suna karkatar da iska, ta yadda wadda ke kaɗa tuta kusa da maharbi ba lalle ita ce ke busawa kusa da abin bara ba. A bazara kuma ga guguwa da tsakar rana. Maharbin gargajiya ya san iska sarai, amma alkiblarta yake tambaya don kada dabba ta ji warinsa. Maharbin bara ƙarfinta yake tambaya, a daidai daƙiƙar da zai taɓa kunama.

Zafi kuma ta hanyoyi da dama yake shigowa, ba kuma nauyinsu ɗaya ba. Tsakanin safiyar Janairu mai digiri 15 da azahar ɗin Afirilu mai digiri 42, kaurin iska yana raguwa da kusan kashi 9 cikin 100. Ana yawan ambaton wannan, amma a ganinmu a mita 50 tasirinsa kaɗan ne, harbin gwaji biyu ko uku sun isa a gyara shi. Saurin sauti ma yana tashi daga wajen mita 340 a daƙiƙa zuwa 356, abin da ke ba harsashin gasa ƙarin sarari. Inda zafi ke ɓarna da gaske wurare uku ne.

Na farko shi ne harsashin kansa. Dalmar 22 LR shafe take da wani maiƙo mai kama da kakin zuma. In kwali ya yini a rana ko cikin mota, maiƙon zai yi laushi ya kwaranye gefe guda, ƙura ta manne masa, albarushin da ya ɗumama kuma ya ƙara sauri. Wanda aka ciro daga inuwa da wanda ya daɗe cikin bututu mai zafi ba za su faɗa wuri ɗaya ba.

Na biyu ya shafi bindiga mai gas ɗin CO2, kuma a nan hukuncin a yanke yake. Amfanin wannan gas shi ne muddin akwai ruwansa a tukunya matsinsa ba ya sauyawa daga harbi zuwa harbi, kimanin bar 57 a digiri 20. To amma daga digiri 31 zuwa sama gas ɗin ba ya zama ruwa ko yaya aka matse shi, sai matsi ya hau ya kuma riƙa sauyawa da kowane harbi. A Ƙwanni da Malbaza yawancin ranakun shekara zafin azahar ya wuce wannan iyaka. Ke nan bindigar da aka ƙera don ɗakunan Turai ta rasa dalilin ƙirarta a nan.

Na uku shi ne kawalwalniya. Ƙasa mai zafi tana ɗumama iskar da ke kanta, haske ya riƙa lanƙwasa, sai maharbi ya ga abin bara yana rawa, ko ya gan shi sama kaɗan da inda yake. Saiti ya daidaita a kan hoto, hoton kuwa ya gusa. Gwanaye suna mayar da wannan abin amfani, domin karkatar rawar tana nuna inda iska ta dosa, amma sai an shekara ana kallo kafin ido ya iya karanta ta.

Ƙura ba ta buƙatar dogon bayani ga wanda ya taɓa yin hunturu a Tawa, balle a Malbaza mai masana'antar siminti. Tana dushe abin bara, tana cin bututu, tana toshe ƴan ƙofofin iska. Bushewar hunturu tana ƙeƙasar da fatar da ke toshe iska a tsofaffin bindigogi masu sifirin. Abin da mai bindiga kan yi shi ne ya ɗiga man inji a ciki, nan kuwa ya jawo wata sabuwa, domin matsin iska yana kunna man kamar yadda injin gazuwal yake yi, sai harbi ɗaya ya fita da ƙara da hayaƙi da saurin da ba na sauran ba.

7. Maharbi kansa

Jikin mutum ba ya tsayawa cik. Bugun zuciya yana ratsa hannu ya kai bakin bindiga, shi ya sa ake koya wa maharbi ya saki rabin numfashi, ya dakata, ya matsa kunama a hankali cikin ƴan daƙiƙoƙi, in lokaci ya wuce ya sauke ya sake. Zafi da ƙishirwa suna ƙara bugun zuciya, haka ma goro da shayi mai kauri, abokan hirar mutanenmu. Girman wannan al'amari ya sa aka haramta wa ƴan gasa magungunan rage bugun zuciya. A wasannin Beijin na 2008 an karɓe wa Kim Jong-su na Koriya ta Arewa lambobi biyu saboda irin wannan magani.

8. Doka, haɗari da wurin da ya dace

A Nijar riƙe bindiga sai da izinin hukuma, farauta kuma tana ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afirilu 1998. Tun 1994 aka kafa hukumar CNCCAI mai tattara makaman da ke hannun mutane ba bisa ƙa'ida ba. Ƙasashen CEDEAO sun tsayar da shigo da ƙananan makamai a Abuja a 1998, suka mayar da matakin yarjejeniya a 2006, kafin Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairu 2025. A tsallaken iyaka, dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa bindigar iska kanta cikin waɗanda sai da lasisi. Bugu da ƙari, tun ƙarshen shekarun 2010 ta'asar ƴan bindiga ta Zamfara da Sakkwato ta taɓa kudancin Maraɗi da na Tawa. Daga nesa ba a rarrabe bindigar iska da ta yaƙi, kuma saurayin da ya rataya ta ya nufi bayan gari a kan wannan iyaka da ransa yake wasa.

Ƙanƙantar waɗannan bindigogi ma ruɗi ce. Dalmar 22 LR tana wuce kilomita guda ba ta rasa ƙarfin raunata mutum ba, ta kuma shahara da tsalle in ta bugi abu mai tauri. Fako da marmarar Adar wuri ne na irin wannan tsalle, kwaruruwan kuwa cike suke da masu aikin albasa a Galmi da masu noman rani a fadamun Ƙwanni, a daidai watannin hunturu. Ƙwayar bindigar iska tana fasa ido. Ita kanta dalma guba ce ga yara, kamar yadda aka gani a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka mutu, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito.

In aka haɗa waɗannan duka, ra'ayinmu shi ne nau'in harbin bara da ya dace da gundumomin nan uku shi ne na mita 10 da bindigar iska mai tulu, a cikin rufaffen ɗaki, a hannun makaranta ko hukumar wasanni, bindigogin kuma su kwana a kulle a wurin. Ɗaki mai tsawon mita 15 ya isa. Bango ya kawar da iska da kawalwalniya da tsallen dalma gaba ɗaya, akwatin ƙarfe a bayan abin bara ya tara ƙwayoyin a kwashe, ƙwaya kuma ba ta jin zafi yadda harsashi ke ji. A irin wannan ɗaki, a gidansu, Abhinav Bindra ya yi horon da ya ba Indiya zinariyarta ta farko ta mutum ɗaya a 2008. Lambobin Nijar biyu na Olimfik, na Isaka Dabore a dambe a 1972 da na Abdul Razak Isufu Alfaga a taikwando a 2016, daga wasannin ƙarfi suka zo, kamar yadda kokawa, wadda aka fara gasarta ta ƙasa a Tawa a 1975, ta fi kowane wasa farin jini. Harbin mita 10 wani irin jiki yake nema, kuma mace da namiji, ƙaƙƙarfa da siriri, duk ɗaya suke a gabansa.

Ga ɗalibanmu masu neman abin bincike, akwai aiki biyu da ba sa buƙatar bindiga ko izini. Na farko na harshe ne: a zauna da tsofaffin maharba a Masallata da Dogarawa da Illela a tattara kalmominsu na tazara da iska da riƙo, a ga ko suna da lafazin da ya raba taruwa da dacewa, wanda zai fi namu. Na biyu na awo ne, kuma da danƙon da yara ke korar tsuntsaye da shi a gonar hatsi za a yi shi. A kafa kwali a mita 10, yaro ɗaya ya harba sau goma da tsakuwar da ya tsinta, sau goma kuma da dunƙulen yumɓu da aka auna nauyinsu ya zama ɗaya. Harbi uku ba su isa ba, domin sa'a kaɗai tana iya tara uku. A auna tazarar huji biyu mafi nisa da juna a kowane rukuni, a rubuta sa'a da alkiblar iska, a maimaita da asuba da kuma hantsi.